Ya ce zai kwashe yaran da zarar na yaye ƙaramin: amsa ga wata 'yar uwa a Tudun Wada

Wata baiwar Allah daga Tudun Wadan Zariya ta aiko da tambaya, ga gundarin abin da ta ce: "Hajiya, aurena ya mutu wata 8 ke nan, na gama idda ina gidanmu. 'Ya'yanmu 3, mace mai shekara 11, namiji mai shekara 7, sai na goye mai wata 16, duk suna hannuna. Babansu ya aiko cewa ranar da na yaye ƙaramin zai zo ya kwashe su duka, matarsa za ta riƙe. Tun fitowata sau 2 kawai ya aiko da kuɗi. Namijin ya koma fitsarin kwance, babbar kuma ta zama shiru-shiru. Ga shi wani ya fito yana nemana da aure. Ina mafita?"

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya kawo sauƙi. Na fi shekara 20 ina aikin lauya a garin nan, kuma yawancin shari'un da suka ratsa hannuna na saki ne da riƙon yara. Bari in fara da abin da ya fi hana ki barci.

Saƙon da ya aiko miki al'ada ce, ba hukuncin shari'a ba ne. Dukanmu mun tashi muna jin "ɗa na uba ne", muna ganin ranar da aka cire yaro daga nono sai goggonsa ta iso da zanin goyo ta saɓa shi ta tafi. An daɗe ana yi har maza da yawa suka ɗauka addini ne ya ce haka, ko rantsuwa ka ba su za su yi, don iyakar abin da suka sani ke nan. Amma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake biyawa a zaurukan Unguwar Juma da Kona tun kafin a haifi kakanninmu, ta faɗi maganar ƙarara: bayan saki riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Babu zancen yaye a ciki, babu zancen shekara 7. Shekara 7 ɗin da kike ji ana ambata ta wasu mazhabobi ce, su kuwa kotunan shari'a na jihar Kaduna da Malikiyya suke hukunci.

Asalin hukuncin hadisi ne da Abu Dawud ya ruwaito. Wata mata ta zo wurin Manzon Allah (SAW) ta ce ɗanta cikinta ne ya zama masa mazauni, nononta abin shansa, cinyarta makwancinsa, yanzu ubansa ya sake ta yana son ya ƙwace shi. Sai ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. A cikin Muwaɗɗa kuma akwai labarin da nake yawan karanta wa maza in sun zo ofishina da zafi. Sayyidina Umar ya rabu da matarsa mutuniyar Madina, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora bisa dabbarsa. Kakar yaron ta biyo shi, suka yi ta ja har gaban Sayyidina Abubakar, wannan na cewa ɗana, wannan na cewa ɗana. Abubakar ya ce ya sakar mata yaron, Umar kuma bai ƙara cewa uffan ba. To in Umar ya haƙura ya bar wa tsohuwa, ban ga namijin da zai ce girmansa ya zube don an ce ya bar yara wurin uwarsu ba.

Sai dai ki kula da ƙarshen hadisin, "matuƙar ba ki yi aure ba", don a nan maganarki ta haɗu da ta manemin da ya fito. Ranar da kika tare a gidan wani mijin da ba muharramin yaran ba ne, haƙƙinki na riƙo ya faɗi. Amma faɗuwarsa ba ta nufin ya koma hannun uba kai tsaye, wannan ma wuri ne da ake yi wa mata wayo. Bayan ke sai mahaifiyarki, in babu ita ko tsufa ya hana ta sai kakarki, sannan yarki ko ƙanwarki, kafin a waiwayi dangin uba. Can ɗin ma mahaifiyarsa tana gabansa a layi. Matarsa da ya ce za ta riƙe kuwa ba ta cikin jerin sam. Muhtasar na Shehu Halil ya sa wa kakar sharaɗi guda, kada ta kasance gida ɗaya take zaune da ke bayan kin yi auren. Ya kuma ce idan wanda riƙon zai koma hannunsa ya san kin tare, ya yi shiru har shekara ta zagayo, ya rasa damar zuwa ya ce a ba shi.

Akwai tarko biyu da nake so ki gani tun daga nesa. Na farko, in kin yi aure riƙo ya bar hannunki, sannan wannan auren ma ya mutu, riƙon ba ya dawo miki da kansa. Na biyun ya fi ciwo, don mace da hannunta take jefa kanta. Wata mata da na tsaya wa, ranar da abin ya kai mata iya wuya, ba ko ƙwayar hatsi a ɗaki, ta loda 'ya'yanta 3 a keke napep ta kai su bakin shagon ubansu a kasuwar Sabon Gari, ta ajiye ƙullin kayansu a kan benci ta ce masa a gaban maƙwabtan shago, "Ga 'ya'yanka nan, ka ci da su." Nufinta ya ji kunya ya kawo abinci. Shi kuwa ko a jikinsa, ya tura su ƙauye wurin yayarsa. Bayan wata 4 ta zo muka shigar da ƙara. Tambayar farko da lauyansa ya yi mata ita ce, "Ƙwace su aka yi, ko ke kika kai su da ƙafarki?" Ta sunkuyar da kai. Wadda ta sauke haƙƙinta da kanta ba tare da uzuri irin na ciwo ba, littafi ya ce ba ya dawowa. Sai da muka yi wata da watanni muna kawo shaidu cewa yunwa ce ta kore ta, ba yafewa ta yi ba, kuma da ƙyar aka samu ƙaramar ta dawo. Don haka komai zafin da kika ji, kada ki kai su, kada ki ce "zo ka ɗauki abinka" ko a waya, kada ki sa hannu a takardar da ba a karanta miki ba. Masu neman khul'i, wato mace ta fanshi kanta daga aure, su ma su ji: ana iya sa barin riƙon yara cikin sharaɗin khul'i, kuma in kin amince ya ɗaure ki.

Sauran abin da ke iya raba uwa da riƙo shi ne a tabbatar wa alƙali ba ta da amana, ko ba ta iya kula da su, ko gidan da take ba wurin da za a bar budurwa ba ne. Sai kuma ƙaura ta dindindin zuwa nesa, wadda malamai suka auna da barid 6, kimanin mil 72. Zariya zuwa Kaduna bai kai ba, Abuja ko Legas sun wuce. In manemin naki mazaunin nesa ne, wannan ma ki sa shi a lissafi.

Yanzu ciyarwa. Zaman yara a hannunki bai sauke masa komai ba. Abincinsu da suturarsu da kasonsu na wurin kwana a wuyansa suke, namiji har ya balaga ya iya nema, mace har ta tare, kuma a aikace kotuna suna haɗawa da kuɗin makaranta da na magani. Ke ce mai karɓa, ba shi da ikon cewa a riƙa turo su su ci a gidansa a madadin ya bayar. Har ladan shayar da na goyen kina da damar nema, aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗe shi. Mata da yawa kunya take hana su ambatarsa, wai kada a ce sun sayar da nono. Allah ne ya ba ki, in kin yafe ki yafe da sani.

Ga wurin da nake so ki buɗe kunne sosai. A Malikiyya ciyar da 'ya'ya ba kamar bashin kasuwa ba ne da ke taruwa yana jiran ki. In lokaci ya wuce ba a nema ba, yana faɗuwa, sai in alƙali ya riga ya yanke, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba don kyauta ba. Ma'ana, wata 8 ɗin nan da kike ta haƙuri kina sayar da ƴan kayan ɗakinki, in kin je kotu gobe zai iya cewa ai sadaka kika yi wa 'ya'yanki. Maganin abin mai sauƙi ne. Ki kira mutum 2 masu mutunci, ko kawunki da limamin unguwa, ki shaida musu cewa abin da kike kashewa a madadin ubansu kike yi, kuma za ki nema. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kullum ki rubuta kwanan wata da abin da ya fita: garin masara, sabulu, kuɗin Islamiyya, maganin zazzaɓi. Rasit na makaranta da na kemis ki riƙa cusa su a ciki. Na sha ganin alƙali ya ture dogon bayanin lauya ya ɗauki irin wannan littafin mai maiƙon manja a gefe yana bin sa layi-layi.

Kuma in an zo yanka abin da zai riƙa bayarwa, kada ki yarda a tsaya kan kuɗi zalla. Ina da fayil-fayil da aka yanke naira 5,000 a wata ga kowane yaro, a lokacin har ana ganin an yi wa matar gata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan kuɗin ko koko da ƙosai na mako biyu ba zai kai ba, ga komawa kotu don a ƙara wani sabon tashin hankali ne. Ki nemi a rubuta da awo: masara tiya kaza, shinkafa tiya kaza, wake, mai, sabulu, sannan ɗan kuɗin cefane da za a riƙa dubawa duk shekara. Kuɗin makaranta ya biya kai tsaye a makarantar ya turo rasit, ta haka bakinsa ya rufu daga cewa kina cinye kuɗinsa, ke ma kin huta da roƙo duk farkon zango. Abin da zai zo a kuɗi ya biyo ta banki ko ta hannun kotu, inda zai bar sawu. Amma ki yi adalci wajen nema. Aya ta 7 ta wannan surar cewa ta yi mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. In mutumin ƙaramin ma'aikaci ne da albashinsa bai fi mafi ƙarancin nan na naira 70,000 da aka sa a 2024 da wani abin kirki ba, ga wani gidan yana ci, to ki nemi abin da zai iya ɗorewa a kai. Kaɗan mai zuwa duk wata ya fi babban hukuncin da zai sa ya kashe waya ya ɓace.

Ban ce ki wuce kotu gobe da safe ba. Ki fara da waɗanda suka ɗaura auren, waliyyinki da wakilinsa, a haɗa da mai unguwa ko liman in ana jin nauyinsu. Galibi namiji ya fi jin maganar baffansa fiye da sammaci. Sai dai duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, kowa ya sa hannu da shaidu, in so samu ne a kai wa alƙali ya mayar da shi hukuncin sulhu. Sulhun baka a zaure yana da daɗi ranar da aka yi shi, bayan wata 3 kowa da abin da ya tuna. In sulhu ya ƙi, kotun shari'a mafi kusa da ku za ki je, ba dole sai da lauya ba, ki faɗi da'awarki a aika masa sammaci. In hukunci bai yi miki ba akwai babbar kotun shari'a, sama da ita akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin aure da saki da riƙon yara. Dokar kare yara ta jihar Kaduna ta 2018, kamar ta tarayya ta 2003, maslahar yaro ta sa a gaba da son ran iyaye. In babu kuɗin lauya, akwai hukumar Legal Aid da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, kuma Tsangayar Shari'a ta ABU da ke Kongo tana da ofishin ba da shawara kyauta. 'Yan uwanmu Kirista na Wusasa ko Sabon Gari da suka yi auren rajista, tasu hanyar daban ce, babbar kotun jiha ce a ƙarƙashin dokar aure ta 1970. Abu guda da zan roƙe ki: kada ki kai shi ofishin 'yan sanda kan ciyarwa. Ba hurumin su ba ne, kuma uban da aka zaunar a bayan kanta a gaban jama'a ba ya mantawa, yaran ne za su biya.

To, na gaya miki naki. Saura in gaya miki nasa, ko da ba zai yi miki daɗi ba. Littafin da ya ba ki riƙo shi ne ya ba shi ikon ya duba su, ya tarbiyyantar da su, ya sa su makaranta, su yini a wurinsa su dawo su kwana a wurinki. Shi ne waliyyin 'yarki ranar aurenta, ko kin so ko kin ƙi. Aya ta 233 a Baƙara da ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ita ce a numfashi guda ta hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Mu mata mun iya wannan cutarwar, mu faɗa wa kanmu gaskiya. "In bai kawo kuɗi ba ba zai gan su ba." Na fahimci zafin da ke haifar da wannan magana, amma kuɗi tsakaninki da shi ne da alƙali, ganin uba kuwa haƙƙin yaro ne. Kuma na lura uban da ke ganin 'ya'yansa duk mako, ya ga takalmin da ya tsinke da idonsa, ya fi saurin sa hannu a aljihu fiye da wanda ake aika wa lissafi a waya.

Ni kaina ina aji 3 na firamare auren iyayena ya mutu. Ba yunwa nake tunawa ba, don ba mu yi ta ba. Abin da nake tunawa shi ne dawowa daga gidan Baba ranar Lahadi da yamma. Kafin in cire takalmi an fara: me suka dafa, ta sa miki nama, wa ya zo, ya yi maganata? In na ce an ba ni nama sai fuskar mahaifiyata ta canza, in na ce ba a ba ni ba sai a yi kwana 2 ana zagin matar. A can ma haka, "me uwarki take cewa?" Kafin in kai aji 5 na ƙware da ƙarya, kowane gida ina ba shi labarin da yake son ji. Allah ya jiƙansu duka, ba mugunta suka yi ba, ba su san nauyin da suke ɗora wa yarinya ba ne. Shi ya sa da kika ce babbar ta zama shiru-shiru gabana ya faɗi. Yarinya mai shekara 11 tana jin komai, tana jin hirarki da ƙawayenki a tsakar gida, ta ji saƙon kwashe su, kuma wataƙila ta yanke a ranta cewa duk abin da ta faɗa zai ƙara wutar. Kada ki aike ta karɓo kuɗi wurin babanta. Kada ki mayar da ita abokiyar kukanki, kada kuma ta zama uwar na goye har ta rasa lokacin wasa da na karatu. Talla kuwa, ko da gidan zai kwana da yunwa, a nemi wata hanyar. Shekarunta ne mafi haɗari, kuma shi ne abu na farko da za a ɗaga a kotu a ce ba ki iya riƙo ba. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, wajen kitso ya fi, don ba ta kallon idonki, ki gaya mata abu 3 a sarari: ba laifinta ba ne, ba laifin ƙannenta ba ne, kuma tana da izininki ta so babanta. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar fita daga baki, shi ne kuma wanda take jira. In ba ta buɗe miki ba, ki duba cikin ƙannenki ko malamarta ta Islamiyya wadda take sakewa da ita.

Fitsarin kwancen namijin kuma abu ne sananne ga yaron da hankalinsa ya tashi, yakan koma halin da ya riga ya wuce. Duka da gori da yi masa waƙa a gaban yara ba sa ƙara komai sai tsawon ciwon. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gadonsa, a rage sha bayan magariba, ya yi fitsari kafin ya kwanta, in ya tashi a bushe ki yaba masa, in ya jiƙe ku wanke tare ba tare da kowa ya ji ba. Amma tunda ya taɓa dainawa sannan ya dawo, ki kai shi a duba fitsarinsa, don ciwon mafitsara da ciwon suga da taurin bayan gida duk suna kawo haka. In kin ga yana yawan shan ruwa yana ramewa, ko yana kuka wajen fitsari, kada ki tsaya kemis, ki wuce wurin likitan yara, ko asibitin koyarwa na Shika. Malamin ajinsa ma ya san halin da ake ciki, jimla biyu ta isa, don kada a yi ta zane shi kan ya daina gane karatu.

Kada ki ɗauka sun lalace ke nan. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Mavis Hetherington, ta bi diddigin iyalai kusan 1,400 na kimanin shekara 30, ta samu cewa kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na yaran da iyayensu suka rabu sun tashi lafiya lau, kuma shekara 2 na farko su ne mafi tsanani. Amurka ba Zariya ba ce, su ba su da kaka da goggo da kawu a kusa kamar mu, mu kuma ba mu da tsarin da ke bin uba ya karɓo kuɗi kamar su. Amma abin da masu irin wannan bincike suka yi ta nanatawa ya yi daidai da abin da nake gani a barandar kotu: ba takardar sakin ce ke karya yaro ba, rigimar da ba ta ƙarewa bayanta ce.

Matar babansu kuma, kada ki ɗauke ta abokiyar gaba tun ba ta yi miki komai ba. Ko riƙo ya tabbata a hannunki, a ɗakinta za su ci tuwon Sallah, ita za ta ba su ruwa in sun yini. Ki koya musu su gaishe ta da ladabi, in sun tafi ki ba su ɗan abin hannu su kai mata, ko daddawa ce. Ba don ta cancanta ba, ban san ta ba. Don yaron da ya shigo da gaisuwar uwarsa ya fi wuyar zalunta ne. In kuma kin ga tabo a jikinsu, ko sun fara kuka in an ce za a je, wannan wata magana ce, ki kai asibiti a rubuta, ki kira manya.

Sai maganar aure. Ban ce ki ƙi ba. Yarinya ce ke, zawarci a gidan iyaye da 'ya'ya 3 ba zama ne mai daɗi ba, kuma macen da ta binne rayuwarta don yara takan wayi gari tana yi musu gori. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya turo magabatansa, ki zauna da mahaifiyarki ki tambaye ta tsakani da Allah, za ta iya riƙe 3, ko 2, da ƙarfinta da lafiyarta? Wa zai kai su makaranta, ɗakin wa za su kwana, matan yayyenki da ke gidan sun yarda ko za su riƙa harararsu a bakin murhu? In ita ba za ta iya ba, akwai yarki ko ƙanwarki da mijinta zai karɓa? In amsar duka a'a ce, to ki sani aurenki yana nufin komawarsu ɓangaren uba, gara ki shirya hakan da kanki cikin mutunci, da ranakun zuwa wurinki a rubuce, da a ce an zo an ɗauke su ana jan hannu. In hali ya yi kada a raba su, musamman manyan biyu, don su ne gatan juna.

Shi kuma manemin, kowa a lokacin nema cewa yake "'ya'yanki ai 'ya'yana ne". Ki sauko da shi ƙasa. Ɗaki nawa ne a gidan? Uwargidansa ta sani? In babansu ya zo ƙofar gida ɗaukarsu, zai fita su gaisa ko zai ɗaure fuska? In wata ya yi nisa kuɗin ubansu bai zo ba, za a ci da su ko za a fara ƙirga loma? Kin san sunan da ake kiran irin wannan yaro, agola, kin kuma san yadda ake furta shi. In har za su bi ki, sai da yardar ubansu a rubuce, kuma ciyarwa tana nan a wuyansa, ba ta koma kan sabon miji ba. Ni a ganina ki bari na goyen ya cika shekara 2 ki yaye shi a natse, a kammala takardar ciyarwa da ta ziyara, sannan a sa ranar aure. Wata 8 ne kacal. Namijin da ba zai iya jiran wata 8 saboda jariri ba ya riga ya ba ki amsar tambayoyin da ke sama.

Wani ƙaramin abu da ke zama babba daga baya shi ne takardu. Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin rigakafi, katin asibiti, sakamakon makaranta, lambar NIN in an yi musu. Na ga yarinyar da ta rasa rajistar JAMB ta shekara guda saboda takardunta suna cikin akwatin uba, shi kuma ya ce sai uwar ta zo da kanta ta roƙa. Ki yi fotokwafin komai, ki ɗauki hotonsu a waya, asalin ya zauna wurin mai riƙo, shi ma a ba shi kwafi. A cikin takardar sulhun a faɗi inda za su yi ƙaramar Sallah da babba, wa zai ɗinka kaya, wa zai zo ɗauka, ƙarfe nawa za a dawo da su. In ganin juna yana tayar muku da rai, a riƙa miƙa su ta hannun kawunsu ko a gidan kakarsu.

Ranar da za a zauna, ko a zaure ko a kotu, ki riƙe takardar sakin da takardun haihuwarsu da littafin lissafin nan, ki je da waliyyinki da shaidun nan 2. Yaran kuma kada ki je da su sai in alƙali ne ya nema. Ki yi musu wanka su tafi makaranta kamar kullum, na goyen ki bar shi wurin mahaifiyarki da kununsa.